Rizga da Tumuku: Nasiha ga Mai Karatun Tsirrai

 Na ji an ce kin kai shekarar da ake ba ɗalibi damar zaɓar tsiron da zai yi bincike a kansa, kuma hankalinki ya karkata ga dangin na'a-na'a. Kin yi zaɓi mai kyau. Sai dai kafin ki bi sahun 'yan ajinku zuwa ga na'a-na'ar shayi da ɗoɗɗoya, waɗanda aka yi ta rubutu a kansu shekara da shekaru, ina so in ja hankalinki ga wani gida a cikin dangin nan da ba a cika waiwayarsa ba, alhali kakanninki sun ci daga gare shi sun ƙoshi. Gidan rizga da tumuku nake nufi, wanda masana ke kira Coleus.

Wataƙila ki ce me ya haɗa abin da ake tonowa daga ƙasa a dafa da ganyen da ake jefawa cikin butar shayi. Ba sai kin buɗe littafi ba, hannunki zai gaya miki. Samo reshen ɗoɗɗoya ki murza karansa tsakanin babban yatsa da manuniya. Ba zai mirgina sumul ba, za ki ji kusurwa huɗu suna bugun yatsunki ɗaya bayan ɗaya. Dubi yadda ganye ya fito: biyu-biyu ne a kowace gaɓa, suna daura da juna, kuma idan na wannan gaɓa sun kalli gabas da yamma, na samansu sai su kalli kudu da arewa. Murtsuke ganye ɗaya ki shinshina. Sannan ki nemi zangarniyar furen da ta bushe, ki tsinke ɗan ƙoƙo guda ki murza a tafin hannu. 'Yan ƙwayoyi huɗu za su faɗo, sai fa in wasu sun lalace tun suna ɗanye. Daga nan ki wuce kunyar tumuku ki tsuguna. Karansa mai ruwa-ruwa ne, amma kusurwar nan huɗu tana nan. Ganyen biyu-biyu ne, mai ɗan kauri, bakinsa tsaga-tsaga, kuma in kin murza shi za ki ji ƙamshin dangin, ko da bai kai na ɗoɗɗoya ƙarfi ba.

Kada ki yanke hukunci da alama ɗaya. Karan riɗi ma yana da kusurwa huɗu, amma danginsa daban. Ɗinya kuwa, da duk girmanta da inuwarta, wadda ake yin maɗi da 'ya'yanta a kuma ci ɗinkinta, 'yar dangin na'a-na'a ce. An daɗe ana lissafa ta a wani dangi dabam, sai a shekarun 1990 bincike ya sa aka dawo da ita nan, ita da malainar da ake shukawa don katako. Dangi ne mai faɗi, nau'insa ya kai wajen 7,000, a gidaje sama da 230, tun daga ciyawar da ba ta wuce idon sawu ba har bishiyar da ake hawa. Shi ya sa ake tara alamomi, a dubi kara, a dubi ganye, a jira fure, kafin a buɗe baki.

Ƙamshin nan ma yana da mazauni. In kin sa madubin ƙara girma a bayan ganye za ki ga 'yan gasu ƙanana, wasunsu da ɗan kai mai sheƙi. A cikin kan nan tsiron ke tara mai, kuma murzar da kika yi ita ce ta fasa su. A wasu ɗoɗɗoyoyin, sinadarin da ya fi yawa a man shi ne wanda ke ba kanumfari ƙamshinsa, shi ya sa hanci ke jin kamar sun san juna. Tsiron bai tara man nan don miyarmu ba, kariya ce gare shi daga ƙwari da dabbobi masu kiwo. Mu dai Allah ya hore mana muka amfana.

Abin da ya keɓe gidan rizga yana cikin fure, kuma a nan nake so ki daɗe kina kallo. Furen ƙarami ne, bututu ne mai lanƙwasa da ya buɗe ya yi leɓe biyu. Na sama gajere ne, a miƙe. Na ƙasa ya fi tsawo, ya lotsa ciki kamar kwalekwale, kuma a cikin lotsawar nan zare huɗu masu ɗauke da garin fure suke kwance tare da sandar macen furen. Idan ƙudan zuma ya sauka neman zaƙi, a kan leɓen ƙasan yake dira. Nauyinsa sai ya danne leɓen, zaren su bayyana su shafa masa gari a ciki, ya tashi da shi zuwa wani fure. In kin sa tsinke kin danna leɓen a hankali za ki ga abin da idonki. A 'yan gidan da dama, zaren nan huɗu a manne suke da juna daga gindi, sai can sama su rabu. Wannan mannewar ce masanan farko suka riƙe a matsayin shaidar gidan.

Rizga a tsaye take girma, takan kai ƙugun mutum ko ta wuce, karanta na da gashi-gashi, kuma yana yin tauri daga ƙasa in ta manyanta. Furenta rawaya ne, kuma sau da yawa sai ganye ya kakkaɓe, damina ta ja baya, sannan yake fitowa a kan kara tsirara. Wanda ya san ta da ganye kawai yana iya wuce ta a lokacin bai gane ta ba. 'Ya'yanta a gindi suke taruwa, dogaye, kaurin yatsa ko fiye, wasu da rassa. Ana kankare ɓawon a ci ɗanya, tana da garɗi da ɗan ƙamshi nata na kanta, ana kuma dafawa a ci da yaji ko garin ƙuli-ƙuli. A ƙasarmu an fi noma ta a tsaunukan Filato da kudancin Kaduna da maƙwabtansu, kuma kowace ƙabila a can da sunan da take kiranta. Ba mu kaɗai muka san ta ba. Ana noma ta a Zimbabuwe, kuma tana fitowa da kanta a dazuzzukan tsakiya da kudancin Afirka.

Tumuku shi ba ya son tsayuwa. Yaɗuwa yake yi a ƙasa, da ƙyar ya wuce santimita 30, kuma duk gaɓar da ta kwanta a kan danshi sai ta yi saiwa. Furensa ƙanana ne, shuɗi-shuɗi zuwa ruwan hoda mai duhu. 'Ya'yansa ƙanana ne, kewayayyu ko masu ɗan tsawo, yawancinsu ba su wuce santimita 2 zuwa 4 ba, ɓawon wani baƙi-baƙi, wani ja-ja, wani fari. Ya yi tafiya fiye da rizga. Manoman arewacin Gana, wajen Bolgatanga da Bawku, suna ji da shi, haka ma na Burkina Faso da Mali. Ya ƙetare teku tun da daɗewa, har ya zama abin miya a Kerala ta kudancin Indiya, da Siri Lanka, da Indonesiya. A Kerala sukan zuba shi a buhun algarara su yi ta bugawa a ƙasa don ɓawon ya saluɓe, saboda feraye shi ɗaya-ɗaya aiki ne mai cin rai. Matan can da matan nan wahala ɗaya suka sha a kansa, kuma ba su bar shi ba.

A takardunki za ki ci karo da sunaye iri-iri a kan tsiro guda, kada su ruɗa ki. Wani malamin mishan ɗan Fotugal, João de Loureiro, wanda ya daɗe a ƙasar da ake kira Biyetnam a yau, shi ya raɗa sunan Coleus a 1790. Shekara biyu kafin nan wani Bafaranshe, L'Héritier, ya riga ya raɗa wa wani gida makusanci suna Plectranthus. Tun daga lokacin ake ta kai-komo a kan ko gida ɗaya ne ko biyu. Rizga ta shiga littafin masana a 1894, ta hannun N. E. Brown na lambun Kew a Ingila, a ƙarƙashin Plectranthus. A 1962 J. K. Morton, wanda ya yi aiki a kan tsirran Afirka ta Yamma, ya narkar da Coleus cikin Plectranthus, ya bar rizga a nan, ya kai tumuku wani gida mai suna Solenostemon. Haka aka karantar da mu, haka ma za ki gani a yawancin littattafan laburarenku. Sai a 2019 Alan Paton na Kew da abokan aikinsa, bayan nazarin ƙwayoyin gado, suka farfaɗo da Coleus, suka lissafa masa nau'i 294, suka bar wa Plectranthus 72. Rizga da tumuku suka sake haɗuwa a gida ɗaya. Don haka in za ki nemi abin da aka rubuta a kansu, ki nema da tsofaffin sunayen da sababbin duka, in ba haka ba rabin aikin magabata zai wuce ki. Kuma kada sauye-sauyen nan su sa ki raina masana. Mutumin da ya ga sabuwar hujja ya gyara maganarsa ya cancanci girmamawa.

Duk wannan shimfiɗa ce. Abin da ya sa na zauna rubuta miki shi ne maganar iri.

Gero da dawa da wake, in kin cika tulu da irinsu kin toshe baki da kyau, za su jira ki. Ko bana ba ki shuka ba, baɗi suna nan. Akwai ma rumbun da aka haƙa cikin wani dutse a Svalbard ta ƙasar Nowe, aka buɗe a 2008, inda ƙasashe ke kai ƙwayar irinsu ajiya don gudun ɓacin rana. Rizga da tumuku ba sa shiga wannan sahu. Suna yin fure, amma waɗanda ake nomawa ba kasafai suke ba da ƙwaya mai tsirowa ba, kuma ba da ƙwaya manomi ke shuka su ba. Da 'ya'yan da aka tono bara ake shukar bana, ko da yankan kara. Masu bincike a Afirka ta Kudu sun nuna, a farkon shekarun 2000, cewa abin da muke ci a rizga kara ne da ya kumbura a ƙarƙashin ƙasa ya tara sitaci, shi ya sa yake da idanun da toho ke fita. Abu ne mai rai, yana numfashi, yana ƙafewa, yana tsirowa in lokacinsa ya yi ko an shuka shi ko ba a shuka ba. Iyakarsa watanni. Ma'anar wannan ita ce, rizgar da wata tsohuwa ke nomawa a bayan gidanta yau, jikin rizgar da kakarta ta noma ne, an yi ta miƙa shi daga damina zuwa damina ba a taɓa tsallake ko ɗaya ba. Yunwa ta zo, fari ya zo, an yi ƙaura, an yi rashi a gida, amma kowace shekara sai da aka sami wanda ya hana cikinsa ya ware na shuka. In aka tsallake damina ɗaya tak, wannan iri ya tafi, kuma babu kuɗin da zai dawo da shi.

Na yi shekaru ina aikin malamin gona, kuma na ga yadda abin ke faruwa. Babu wanda ke tashi da niyyar kashe iri. Tsohuwar ce ƙarfinta ke ƙarewa, 'ya'yanta suna birni, surukarta ta ga kunyar nan gara a sa mata dankalin Turawa ko masara, waɗanda ke da mai saye a bakin hanya. Shekara biyu, uku, sai ki tambaya a ce miki ai da akwai wata fara mai zaƙi da ake yi a gidan wane, amma yanzu ba a ganinta. Ba a yi shela ba, ba wanda ya rubuta. Kuma a wurare da yawa amfanin gonar mata ne, a 'yan kunyoyi kusa da gida, shi ya sa ko a lissafin hukuma ba ya fitowa sosai.

Ba zan ɓoye miki aibinsu ba, domin duk wanda zai tsaya wa abu ya kamata ya san rauninsa. 'Ya'yan tumuku ƙanana ne, tonon su da tsince su da wanke su na cin yini. Yana ɗaukar wata biyar zuwa shida a gona, rizga ma takan fi haka, alhali dankalin Turawa wata uku ya isa. Abin da kadada ke bayarwa bai kai na rogo ko doya ba. Ba sa jure doguwar ajiya a zafi. Akwai kuma tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, mai sa saiwa ƙulli-ƙulli, tana damun su ƙwarai in an yi ta maimaita su a wuri ɗaya. Manomin da ya bar su ba wawa ba ne, lissafi ya yi, kuma kada ki taɓa shiga gonar mutum da fuskar wadda ta zo yi masa wa'azi.

Amma ki dubi ɗaya gefen. Dankalin Turawa baƙo ne daga tsaunukan Kudancin Amurka, ɗan dangin tumatir da gauta da barkono, kuma an yi fiye da ƙarni ana zuba ilimi da dukiya wajen gyara irinsa. Rizga da tumuku ba su sami ko kaɗan daga wannan gata ba. Abin da suke bayarwa yau, da ƙoƙarin manoma kaɗai suke bayar da shi. Ƙanƙantar 'ya'ya da ƙarancin amfani abubuwa ne da zaɓen iri ke gyarawa, muddin akwai ire-ire daban-daban da za a zaɓa daga ciki. Kowane irin da ya ɓace, ƙofa ɗaya ta gyara ta rufe. Sannan akwai cutar nan mai ƙone ganyen dankali ta ruɓar da shi a lokacin sanyi da yawan ruwa, wadda ta jefa ƙasar Ailan cikin yunwa daga 1845 har mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, saboda jama'a sun dogara ga amfani ɗaya, kusan iri ɗaya. Cutar ta sha taɓa manoman Filato a shekarun nan. Dangin tumatir take bi, ba ruwanta da dangin na'a-na'a. Gidan da ke da 'yan kunyoyin rizga a gefe, ranar da dankali ya ƙone yana da abin sa wa a tukunya. Ta fuskar gina jiki ma rizga ta fi rogo, kuma masu binciken haɗa magunguna a ƙasar nan sun gwada sitacinta wajen ɗaure ƙwayar magani.

Ba a yi watsi da su gaba ɗaya ba, kuma ya kamata ki san inda za ki ƙwanƙwasa. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike tana da su cikin abubuwan da aka ɗora mata, kuma tana da reshe a Kuru kusa da Jos. A arewacin Gana masu bincike sun tattara ire-iren tumuku sun fitar da zaɓaɓɓu ga manoma. A 2006 majalisar bincike ta Amurka ta fitar da littafi a kan kayan lambun Afirka da aka yi sakaci da su, ta ware musu babi guda. Sai dai ajiye irin da ba ya ƙwaya aiki ne mai tsada. Ko dai a shuka shi a fili kowace shekara, ko a raya ɗan tohonsa cikin kwalba a ɗakin gwaji, yadda ake yi wa rogo da doya a cibiyar IITA ta Ibadan. Duka biyun suna bukatar kuɗi da wuta da ma'aikacin da ba ya gajiya. Har gobe, mafi yawan ire-iren rizga da tumuku a hannun manoma suke.

Sauran 'yan gidan ba sai na daɗe a kansu ba, za ki same su a littafi. Akwai mai ganye kala-kala, ja da kore da rawaya, da ake jerawa a tukwane a ƙofar otal da gidajen masu hali, asalinsa kudu maso gabashin Asiya. Akwai mai ganye mai kauri da ƙamshi mai ƙarfi da ake sa wa a girki a ƙasashe da dama. Akwai kuma wanda aka ciro wani sinadari mai suna forskolin daga saiwarsa a Indiya a shekarun 1970, wanda ya zama kayan aiki a ɗakunan binciken ƙwayoyin jiki a duniya. Yanzu ana tallarsa a intanet a matsayin maganin rage ƙiba, kuma hujjar hakan ba ta da ƙarfi. Na kawo wannan ne don in ce miki, in kin fara aiki a kan tsiro mutane za su riƙa tambayarki maganin me yake yi. Abin da kika tabbatar kawai za ki faɗa. Mai ciwo yana kama duk maganar da ta fito daga bakin mai ilimi, kuma amana ce a wuyanki.

In kin amince da shawarata, ga yadda nake ganin za ki fara. Ki je ƙauye lokacin da amfanin ke gona, ki sake komawa lokacin tono, domin ganin farko ba zai nuna miki 'ya'ya ba, na biyu kuma ba zai nuna miki ganye ba. Ki fara da gaisuwa wurin mai gari, ki bari a haɗa ki da matan da ke noman. In kin shiga, ki durƙusa ki gaida su yadda aka koya miki a gida, ki ajiye biro da takarda tukuna. Ki karɓi fartanya ki yi kunya ɗaya tare da su. Tambayar da aka yi a tsaye da takarda a hannu gajeriyar amsa take samu. Wadda aka yi ana tsince tumuku cikin ƙwarya, ita ke jawo labarin irin da ya fi jure fari, da wanda ya fi saurin nuna, da wanda ake ajiye wa baƙo. Ki tambayi yadda suke adana na shuka: wasu cikin busasshen yashi ko toka a inuwa, wasu cikin tukunya, wasu a bar shi a ƙasa inda ruwa ba ya kwanciya. Ki tambayi daga ina irin ya zo gidan. Sau da yawa za ki ji amarya ce ta taho da shi daga garinsu.

Wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, da ya yi aiki a Arewa a farkon zamanin Turawa, ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya kuma biyo da babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Rizga da tumuku suna ciki, kuma har yau ana komawa gare shi. Ya yi aikin kirki. Amma ilimin da ya tara daga bakin manoma da maharba da masu magani ya fito, kuma yawancinsu ba mu san ko sunansu ba. Ke kada ki maimaita wannan. Duk wadda ta ba ki iri ko ta koya miki wani abu, ki nemi izininta ki rubuta sunanta da garinta, da sunan irin a harshenta, yadda ta faɗe shi. In kin gama aikin ki koma ki gaya musu abin da kika gano, da harshen da za su ji.

Ki kuma yi wa kowane iri shaida. Ki yanko reshe mai ganye, da fure in akwai, ki shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu ki danne da katako, ki riƙa sauya jaridar kullum har ya bushe, domin karan tumuku ruwa gare shi, in kin yi sakaci zai yi baƙi ya ruɓe. Ki rubuta wuri da kwanan wata da irin ƙasar, da launin fure tun yana ɗanye, saboda bushewa na cinye launi. Ki ɗauki hoton 'ya'yan a kan farar takarda da ma'auni a gefe, ɗaya a yanke. Ki kai kwafi ɗakin adana busassun tsirrai na jami'arku. Bayan shekara hamsin, in an sake sauya sunaye, wannan reshen ne zai nuna ainihin abin da kika gani.

Akwai tambaya ɗaya da zan so ki sa a gaba. Masu binciken Afirka ta Kudun nan sun gano cewa rizga tana fara zuba 'ya'ya ne idan yini ya gajarta. Can bambancin tsawon yini tsakanin rani da hunturu babba ne. A nan wajenmu bai fi sa'a ɗaya da 'yan mintoci ba. Ki shuka iri ɗaya a lokuta daban-daban, daga farkon damina zuwa tsakiyarta, ki riƙa tona gindi ɗaya-ɗaya kina duba ranar da kumburi ya fara. In duk sun fara a lokaci guda ko da yaushe aka shuka su, kin san rana ce ke ba su umarni, kuma kin samo wa manomi amsar da zai yi aiki da ita: wanda ya yi sammakon shuka ganye zai tara da yawa kafin lokacin, wanda ya makara kuma 'ya'yansa za su fito ƙanana. Gwaji ne da ba ya bukatar na'ura, sai fili kaɗan da haƙuri.

Kuma ko wane tsiro kika zaɓa a ƙarshe, ki roƙi mahaifinki kunya biyu a bayan gida. Ƙasa mai yashi-yashi wadda ruwa ke wucewa, a ɗaga kunyar sosai, a zuba takin gargajiya da ya ruɓe. Tumuku za ki iya tsirar da 'ya'yansa a ɗan wuri mai danshi kafin ruwa ya zauna, sannan ki yanki tohon, tsawon tafin hannu, ki dasa. In ya fara yaɗuwa ki riƙa tura masa ƙasa a kan gaɓoɓin, a nan zai ƙara zuba 'ya'ya. Kada ki maimaita wuri ɗaya shekara biyu a jere, saboda tsutsar nan. Idan ganye ya yi rawaya ya fara bushewa, tono ya yi. Kafin a ɗora tukunya, ki fara ware na shuka, lafiyayyu marasa rauni, ki raba su kashi biyu: ɗaya ki adana, ɗaya ki ba wata a wani gari, don in naki ya lalace a sami inda za a karɓo. Ki gaida mutanen gida, ki kuma sanar da ni abin da malaminki ya ce game da gwajin.